Doka Ɗaya, Ƙofa Biyu: Daga Titin Yangoji Zuwa Gidan Yarin Kuje

  Yau shirinmu na faɗakarwa ya yada zango a Yangoji, cikin ƙaramar hukumar Kwali ta Babban Birnin Tarayya, a bakin babban titin da ya taso daga Abuja ya ratsa Gwagwalada da Kwali da Abaji ya nufi Lokoja. Kusan duk abin da ke sauka kudu ta wannan ɓangare sai ya gifta ta ƙofar mutanen garin: tireloli, tankokin mai, motocin shanu, motocin doya, da kuma ayarin manya. Saboda yawan haɗurran hanyar, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana da ofishi a garin.

Mazaunin bakin titi irin wannan ba ya buƙatar lauya ya gaya masa yadda doka take aiki a Najeriya, domin kullum yana gani da idonsa. Ga direban akori-kura ya ɗauko doya, an ɗaga masa hannu, ya gangara gefe. Ana tambayarsa lasisi, takardun mota, tukunyar kashe gobara, tayar safaya. Duk wannan daidai ne, doka ce ta ce a tambaya, kuma rayuka ake karewa. To amma yana cikin lalube a aljihun mota, gumi na zuba, sai a ji jiniya daga nesa. Kafin a ankara baƙaƙen motoci sun keto a guje, gilasai a rine, lambobi a lulluɓe, 'yan sanda sun cika bayan Hilux da bindigogi, ana kora kowa gefe. Babu mai ɗaga musu hannu. Alhali ƙa'idar da ta hana direban doya gudun wuce kima ita ce ta hana su, wadda ta wajabta masa lamba a fili ita ce ta wajabta musu, kuma jiniya ma akwai iyakar waɗanda aka yarje wa amfani da ita. Ƙaramin jami'in da ke tsaye a rana ya san duk wannan. Ya kuma san cewa tsayar da irin wannan mota na iya jawo masa takardar tuhuma ko canjin wurin aiki kafin faɗuwar rana.

Wannan hali ya ci rai a kan titin nan. Ranar 12 ga Nuwamba 2013, Farfesa Festus Iyayi na Jami'ar Benin, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, yana kan hanyar zuwa Kano taron ƙungiyar kan yajin aikin da ake yi a lokacin. A Banda, kusa da Lokoja, wata mota daga ayarin gwamnan Kogi na wancan lokaci, Idris Wada, ta yi karo da motar da yake ciki, ya rasu. Bayan shekaru kotu a Lokoja ta ɗaure direban. Direba ya ɗauki hukunci, amma al'adar da ta sa shi gudu tana nan daram. Kuma da a ce wanda ya mutu a ranar manomi ne mai tura baro, da wuya a ji labarin ya wuce ƙauyensu.

Su kansu 'yan sandan da ke bayan waɗannan motoci abin tambaya ne. A 2018, Mike Okiro, tsohon Sufeto Janar wanda a lokacin yake shugabantar hukumar kula da aikin 'yan sanda, ya faɗa da bakinsa cewa sama da 'yan sanda 150,000 suna gadin manya da wasu da ba su ma cancanta ba. Mutanen ƙauyukan Kwali da Abaji da Kuje, waɗanda masu garkuwa da mutane suka sha shiga musu gida cikin dare, su ne suka fi kowa sanin inda rashin waɗannan jami'ai yake ciwo.

Daga titi sai kotu, kuma a nan ne maganar ta fi nauyi.

Ranar 28 ga Janairu 2013, a Babbar Kotun Birnin Tarayya, wani babban jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, John Yakubu Yusuf, ya amsa laifi a tuhume-tuhume 3 na sama da faɗi da kuɗin fansho, kuɗin da suka haura naira biliyan 20. Haƙƙin tsofaffin 'yan sanda ne da matan da mazajensu suka mutu a bakin aiki. Mai shari'a Abubakar Talba ya yanke masa shekara 2 a kowace tuhuma, ko ya biya tarar naira 250,000 kan kowace ɗaya. Jimla naira 750,000. An ƙwace masa gidaje da wasu kuɗi, gaskiya ne, amma tarar nan take ya biya ta, ya kwana a gidansa. Ƙasa ta ɗauki zafi. Hukumar kula da alƙalai ta ƙasa ta dakatar da alƙalin shekara guda, hukumar EFCC mai yaƙi da cin hanci ta ɗaukaka ƙara, a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin shekara 6 tare da biyan naira biliyan 22.9. Duk da haka sai a 2020 aka kama shi aka kai shi Kuje. Shekara 7 ke nan tsakanin ranar da mutum ya ce “na aikata” da ranar da ya fara zaman kaso na sosai.

Mai sauraro ya riƙe wannan adadi na 750,000, ya ajiye shi kusa da wani. A watan Nuwamba 2023, ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya je gidan gyaran hali na Kuje ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 daga sassan ƙasar nan. Su wane ne su? Mutanen da kotu ta ba zaɓin tara, suka kasa biya, suka zauna a kurkuku. Abin da aka tara daga kamfanoni da masu hali don fanso su duka shi ne naira miliyan 585. In aka raba, kowane mutum bai kai naira 150,000 ba. Wato magidanci yana kulle, iyalinsa na watangaririya, gonarsa ta zama saura, a kan kuɗin da bai kai na tunkiyar layya mai kyau ba a yau. Zaɓin tara ƙofa ce da doka ta buɗe wa kowa a takarda. Mai biliyoyin fansho ya bi ta cikinta a yini guda, mutum dubu huɗu suka tsaya a bakinta sai da aka yi musu karo-karo.

Haka abin yake a batun lokaci. An gurfanar da tsohon gwamnan Taraba Jolly Nyame da tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye a 2007, bayan rigar kariyar da sashe na 308 na tsarin mulki ke bai wa gwamna ta sauka daga kansu. Lauyoyinsu suka yi ta kai ƙorafi kan hurumin kotu har Kotun Ƙoli, su kuwa suna gida a kan beli. Dariye ma a cikin wannan tsakani ya ci zaɓen sanata. Sai a 2018, bayan shekara 11, mai shari'a Adebukola Banjoko ta ɗaure kowannensu shekara 14, Nyame kan kusan naira biliyan 1.6, Dariye kan sama da biliyan 1 na kuɗin gyaran muhalli. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage wa Nyame zuwa 12, Dariye zuwa 10. A watan Afrilu 2022 Majalisar Magabata ta Ƙasa, ƙarƙashin Shugaba Muhammadu Buhari, ta amince da yi musu afuwa cikin jerin mutum 159, bisa dalilin shekaru da rashin lafiya, a watan Agusta suka fito daga Kuje. Kafin su, a 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya yi wa tsohon maigidansa Diepreye Alamieyeseigha na Bayelsa irin wannan afuwa. Sashe na 175 ya bai wa shugaban ƙasa wannan iko, babu mai musu. Abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne, tsufa da ciwo ba a kan gwamnoni suka fara ba. Gidajen yari cike suke da tsofaffi marasa lafiya waɗanda babu mai kai sunansu teburin da ake rubuta jerin.

Jinkirin shari'a ga babba hutu ne, yana gida yana harkokinsa, shaidu na mutuwa, takardu na ɓacewa. Ga talaka kuwa jinkirin shi ne hukuncin. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali sun daɗe suna nuna cewa kusan biyu bisa uku na mutanen da ke tsare a Najeriya zaman jiran shari'a suke yi, babu kotun da ta ce sun yi laifi. Wani an kama shi a samame, wani an ce an tura fayil ɗinsa ma'aikatar shari'a ana jiran shawara, wani ɗan sandan da ke binciken maganarsa an yi masa canjin wurin aiki, wani kuma ranar zamansa babu man da za a zuba a motar kai fursunoni kotu. A haka mutum zai share lokacin da ya zarce abin da za a ɗaure shi ko da an same shi da laifin.

Wanda ya ga hotunan ranar 1 ga Nuwamba 2024 ba zai manta ba. An shigo da mutum 76 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, da dama daga cikinsu ƙananan yara, akasarinsu daga Kano, waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Kusan wata 3 suna tsare. Ga su a rame, ƙasusuwan wuya a waje, tufafi sun yi dauɗa. Ana shirin karanta tuhuma wasu suka yanke jiki suka faɗi a ƙasan kotu, lauyoyi da ma'aikata suka yi kansu, alƙali ya tashi ya dakatar da zama. Tuhumar da ake yi musu har da cin amanar ƙasa. Da aka dawo, aka sa belin kowanne naira miliyan 10, da masu tsaya masa 2, ɗaya babban ma'aikacin gwamnati mai mataki na 15. Ina yaron da ubansa ke sayar da rake zai samo irin wannan babban ma'aikaci ya tsaya masa? Gaskiya ne an yi ɓarna da sace-sace a Kano a waɗannan kwanaki, kuma wanda ya yi ɓarna ya kamata ya amsa. Amma dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda ke aiki a Abuja, ta tanadi yadda ake shari'ar yaro, kuma ba haka ba ne. Sai da duniya ta yi caa, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su, aka janye tuhumar, aka miƙa su ga gwamnoninsu.

A cikin shekarar 2024 ɗin dai, a watan Afrilu, jami'an EFCC sun yi wa gidan tsohon gwamnan Kogi Yahaya Bello ƙawanya a unguwar Wuse, suna nemansa kan zargin sama da naira biliyan 80. Gwamna mai ci, Usman Ododo, ya iso da ayarinsa, jami'an suka tashi hannu rabbana, hukumar ta ayyana nemansa ruwa a jallo. Sai a watan Nuwamba ya tsaya gaban alƙali. Ko yana da laifi ko ba shi da shi, wannan aikin kotu ne, kuma tsarin mulki ya ce kowa mara laifi ne har sai an tabbatar. Abin lura kawai shi ne wata 7 da aka yi ana jiran mutum guda ya ga dama. A unguwar talakawa, in an zo kamun mutum ba a same shi ba, sau da yawa matarsa ko ƙanensa ko tsohon ubansa ake tasa ƙeyarsa zuwa caji ofis har sai ya fito.

Hausawa na cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. A gida wannan ba laifi ba ne. A kotu da caji ofis kuwa shi ne mafarin rushewar ƙasa, kuma addini ya riga kowa faɗa. Malamai na karantar da ƙissar matar nan ta Banu Makhzum, 'yar babban gida a cikin Ƙuraishawa, wadda ta yi sata a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Danginta suka nemi wanda zai sa baki, suka tura Usama ɗan Zaid saboda kusancinsa. Annabi ya nuna ɓacin ransa, ya tara jama'a ya bayyana musu cewa abin da ya hallaka al'ummomin baya shi ne ƙyale mai daraja idan ya yi sata da hukunta mai rauni, ya kuma nuna ko 'yarsa ce ba za a ɗaga mata ƙafa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙ, ya lissafa cin hanci a wurin shari'a da kai gaisuwa don neman biyan buƙata cikin halayen mulkin da ya tashi yaƙa. Fiye da shekara 200 ke nan. A watan Maris 2000 an yanke hannun wani mutumin Jangebe a Zamfara kan satar saniya. Tun daga lokacin, a jihohin da suka ƙaddamar da shari'a, babu wani babban mai riƙe da muƙami da aka ji ya fuskanci makamancin wannan kan dukiyar jama'a. Aibin ba na shari'a ba ne, na hannun da ke zaɓen wanda za a yi wa ita ne.

A nan dole a faɗa wa talaka ma tasa gaskiyar. Shafaffu da mai ba daga sama suke faɗowa ba. Idan aka kama ɗan garinmu da cin dukiyar jama'a, wa ke yin tawaga a je a roƙa? Wa ke cewa bi-ta-da-ƙulli ne saboda addininsa ko ƙabilarsa? Wa ke cika filin jirgi da ganguna ranar da ya fito? Kuma mutumin da ke kukan an ƙyale ayarin gwamna, shi ne in an tsayar da shi ba lasisi zai zaro waya ya ce wa jami'i “ga oga, yi magana da shi”. Wanda ya yi haka ya sa hannu a tsarin da gobe zai danne shi, ranar da abokin rigimarsa ya fi shi oga.

Ba kuma kullum ake cin nasara a kan mara gata ba. A 2019 faifan bidiyo ya bazu yana nuna Sanata Elisha Abbo na Adamawa yana marin wata mata a wani shago a Abuja, ɗan sanda na tsaye a wurin. Ya fito ya nemi gafara a bainar jama'a. Duk da haka, a 2020 kotun majistare da ke Zuba ta kori ƙarar da 'yan sanda suka shigar, ta ce ba su tabbatar da tuhumar ba. Da matar ta tsaya nan, da magana ta mutu. Ba ta tsaya ba. Ta shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotun Birnin Tarayya, a watan Satumba 2020 kotu ta umarci sanatan ya biya ta diyyar naira miliyan 50, a 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar. Hujja, lauya da naci, su suka yi mata aiki.

Saboda haka yana da kyau mutumin Yangoji, da na Dafa, da na Gwagwalada, ya san abin da doka ta riga ta ba shi, domin yawancin zaluncin da ake yi a caji ofis a kan rashin sani yake tafiya. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana 2. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda kotunan Abuja ke aiki da ita, ta haramta kama wani a madadin wani. Ta hana kama mutum kan bashi ko saɓanin ciniki da ba laifi a ciki. Ta ce a sanar da danginsa inda yake ba tare da sun biya ko sisi ba, ta ba shi damar kada ya ba da jawabi sai lauyansa na wurin, in kuma ba ya jin Turanci a samo masa tafinta. Mace na iya tsaya wa mutum beli, doka ta faɗa ƙarara, duk wanda ya ce sai namiji son ransa ya faɗa. Idan an wuce awa 24 ba a ba da beli ba a laifin da ba na kisa ba, ana iya sanar da kotu, ko da baki ne, ta sa a kawo shi. Dokar ta kuma ɗora wa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba waɗanda ke tsare, ya ba da belin wanda ya cancanta. Ga ƙananan laifuka ta bai wa alƙali damar sa mutum aikin al'umma maimakon kurkuku. Da ana aiki da wannan sashe yadda ya kamata, da yawa cikin mutum 4,068 ɗin nan ba za su taɓa kwana a kurkuku ba.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi Kyauta, wadda aka kafa tun 1976 domin irinsa. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a Maitama, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Ba su da isassun ma'aikata, wani lokaci sai an yi ta sintiri, amma takardar lauya guda kan fito da mutumin da ya yi wata da watanni an manta da shi.

Kira na ƙarshe ga hakimai da dagatai, limamai da fastoci, shugabannin ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa na yankin Kwali: ku riƙe sunayen mutanenku da ke tsare, da ranar da aka kama su, da ofishin da suke, da lambar ƙararsu. Ku tambayi ranar da majistare ke zuwa duba caji ofis, ku kasance a wurin. Idan an nemi kuɗin beli, ku tambayi rasit, domin belin 'yan sanda kyauta ne. Kai kuma mai sauraro, idan kana da ɗan'uwa a Kuje da ya haura wata 2 ba a fara shari'arsa ba, kuma laifin da ake zarginsa ba na kisa ba ne, tsarin mulki ya ba shi damar neman a sake shi a kan beli. Kada ka jira a yi maka hanya, ka nufi ofishin lauyoyin kyauta cikin wannan mako.